GANUWA MAI ƘOFA

Darasi a kan koya wa 'yan makaranta tsaron zukatansu ta hanyar aikin liƙe-liƙe

ZUWA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Ƙetare, inda Kanwan Katsina ya ke riƙo, da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da sauran gundumomin da ke gefen daji. Maganar da ke cikinsa ta makaranta ce, amma kowa ya sani abin da Hakimi bai sa wa hannu ba a ƙasarsa da wuya ya yi tsawon rai. Saboda haka mu ke roƙo a karanta shi a tsanake, sa'an nan a karanta wa Dagatai da masu unguwa da shugabannin makarantu in an taru.

Abin da za mu bayyana shi ne wata 'yar dabara mai sauƙi, wadda kuɗinta bai kai na buhun siminti ɗaya ba, wadda malamin aji zai iya bi ya taimaki yaron da ya ga tashin hankali, har yaron ya gane yadda ya ke tsare zuciyarsa, ya kuma san wanda zai buɗe wa ita. Mai yiwuwa ne wani ya ce wannan ai wasan yara ne. To, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, gani ya kori ji.

1. ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Ran Jumma'a da dare, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara daji da ƙafa. Ran 17 ga wata aka sako su, Gwamnati ta ba da lissafin yara 344. Kashegari aka kai su Katsina, Gwamna Aminu Bello Masari ya karɓe su, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari kuma ya gana da su. Ba a yi kwana uku ba aka tare waɗansu 'yan Islamiyya wajen 80 na garin Mahuta, a ƙasar Ɗandume, suna komowa daga Maulidi, amma Allah ya sa aka ƙwato su nan da nan. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta Jihar Zamfara. Ran 7 ga Maris, 2024, aka sake yin irin wannan a Kuriga ta Jihar Kaduna. A watan Satumba na 2021 har sai da aka toshe layin wayar hannu a Ƙananan Hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Amma ku da ku ke riƙe da ƙasa kun san akwai dubun labari da bai kai rediyo ba: yaron da ya kwana cikin gero yana jin harbi, yarinyar da aka sayar da gonar gidansu don a fanso uwarta, 'yan gudun hijira da su ke zaune a gidajen dangi. Duk waɗannan yara suna zaune cikin azuzuwanmu, na boko da na Islamiyya da na allo. An yi ƙoƙarin katange makarantu da sa masu gadi, wannan kuwa wajibi ne. Abin da ya rage shi ne tsoron da ya riga ya shiga cikin yaron, wanda katangar bulo ba ta fitar da shi.

2. YADDA YARO KE GINA GANUWA A ZUCIYARSA

Allah ya halicci ɗan Adam da tsoro domin ya tsira. In haɗari ya taso, zuciya ta kan yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya gudu ko kokawa. In haɗarin ya wuce, galibin yara su kan koma daidai cikin 'yan makonni, muddin suna tare da iyayensu, suna cin abinci, suna barci, suna zuwa makaranta kamar yadda su ka saba. Amma waɗansu jikinsu ya kan ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa su ka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Irin wannan yaro ya kan razana da ƙarar babur, ya yi ta firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya riƙa kukan ciwon kai ko ciwon ciki, karatun da ya ke kamawa a da ya riƙa zube masa.

To, yaro ba ya zama haka kawai, sai ya nemi abin da zai kāre kansa. Wani ya kan yi shiru, ko an tambaye shi sai ya ce ba kome. Wani ya kan zama mafaɗaci, ya riga kowa kai duka don kada a riga shi. Wani ya kan cika raha da ban dariya don kada a ga idonsa. Wani kuwa ya kan janye jiki, ya daina wasa, ya daina zuwa makaranta. Malamin da bai fahimta ba sai ya ce wannan miskili ne, wancan fitinanne, wancan malalaci, ya ɗauko bulala. Alhali kuwa ko wanne daga cikinsu ganuwa ce yaron ya gina, kuma ranar da ya gina ta ta yi masa amfani.

A dubi ganuwar birnin Katsina. Magabata da su ka gina ta sun bar mata ƙofofi, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar 'Yanɗaka, ko wace da mai tsaronta. Da dare a rufe, da safe a buɗe, fatake su shigo, manoma su fita. Da sun toshe ta ko ina, da yunwa ta ci mutanen birni tun abokan gaba ba su iso ba. Haka zuciyar yaro ta ke. Ba mu so a rushe ganuwarsa, gama wanda ba shi da ita kowa sai ya taka shi. So mu ke ya san yana da ita, ya san inda ƙofarta ta ke, ya kuma zama shi ne Sarkin Ƙofa.

Akwai wani abu a tarbiyyarmu da ya kamata a faɗa. Muna koya wa yara kunya da haƙuri, muna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma ta kan sa yaro ya kasa duban babba ya ce, "Ina jin tsoro," balle ɗa namiji da a ke ce wa maza ba su kuka. In an zaunar da shi an ce ya faɗi abin da ke damunsa, sai ya sunkuyar da kai. Don haka a ke bukatar hanyar da hannu zai yi maganar da baki ya ji nauyinta.

3. MENE NE AIKIN LIƘE-LIƘE?

Aikin liƙe-liƙe shi ne a tattara guntayen abubuwa, kamar ƙyalle da takarda da kara da ganye, a yayyaga, a jera su a kan kwali yadda rai ya so, sa'an nan a manne su da ƙaro, su zama sura ɗaya. Faransawa suna kiransa kolaj, daga kalmarsu ta mannawa. A Turai ya yi suna tun 1912, sa'ad da waɗansu masu zane biyu, Pablo Picasso da Georges Braque, su ka fara liƙa guntayen takarda cikin zanensu a ƙasar Faransa. Wani kuma, Henri Matisse, bayan an yi masa aiki a ciki a 1941 ƙarfinsa ya ragu, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi ana liƙa masa, ya yi ta yi har ya mutu a 1954.

Mu ma abin ba baƙo ba ne gare mu. Baduku ya kan yanka jar fata da koriya ya ɗora bisa wata ya yi adon jaka ko titimi. Tela ya kan harhaɗa ragowar yadi ya ɗinka wa yaro riga. Mata suna saƙa faifai da kaba mai launi iri iri. Almajirin da zai yi sauka a kan yi wa allonsa zayyana. Duk jera launi ne da sura, sai dai mu ba mu saba yi a kan kwali ba.

Amfani da zane domin lafiyar zuciya kuwa yana da tarihi. A Ingila wani mai zane, Adrian Hill, ya yi jinyar tarin fuka, ya ga zane ya rage masa zullumi, ya koya wa sauran majinyata, shi ne kuma ya raɗa wa abin suna, watau magani ta hanyar zane, a 1942. Amma labarin da ya fi kusa da namu shi ne na wata malama Bayahudiya, Friedl Dicker-Brandeis, wadda Jamusawan Hitila su ka tsare a sansanin Terezin, a ƙasar Cek, a ƙarshen 1942. A can ta tara yaran da aka raba da iyayensu, ta riƙa koya musu zane da liƙe-liƙe da tsofaffin takardun ofis da duk abin da hannu ya kai. A watan Oktoba na 1944 aka kai ta Auschwitz aka kashe ta, galibin yaran ma ba su tsira ba. Kafin a tafi da ita ta ɓoye aikinsu cikin akwatuna biyu, fiye da zane 4,000, yanzu suna ajiye a gidan tarihin Yahudawa na birnin Prag. Cikinsu akwai surar gidajen da yaran su ka baro, da furanni, da teburin cin abinci. Wannan malama ba ta da ikon buɗe ƙofar sansani, amma ta ba yaran wurin da za su ajiye abin da ke ransu.

Dalili uku ya sa mu ka zaɓi liƙe-liƙe bisa zane da fensir. Na ɗaya, ba ya bukatar gwaninta. Yaron da zai ce bai iya zane ba, ba zai ce bai iya yaga takarda ba. Na biyu, kafin a manne, yaro yana iya matsar da abu nan, ya ɗauke, ya rufe shi da wani, ya sāke shawara sau goma. Wanda aka taɓa kora daji ba da sonsa ba, samun abin da shi ke da iko a kansa ba ƙaramin abu ba ne. Na uku, aiki ne na haɗa abin da ya yage ya zama sabon abu mai kyau, yaro kuwa ya kan fahimci wannan ko ba a gaya masa ba.

4. KAYAN AIKI

Ba a bukatar aika wa Kano ko Kaduna. Ga abin da za a tara:

(a) Kwali, irin na sabulu ko na taliya, a yanka kamar kamu ɗaya da rabi ko wane gefe, ɗaya ga ko wane yaro a ko wane darasi.

(b) Ragowar ƙyalle daga wurin teloli, da guntayen fata daga wurin dukawa, da zare da auduga.

(c) Karan dawa da ɓargonsa, da kaba, da ɓawon gyaɗa, da busasshen ganye, da gashin zabo, da yashi.

(d) Abin launi: jar ƙasa, da gawayi, da shuni, da farar ƙasa, wadda Allah ya wadata ƙasar Ƙanƙara da ita.

(e) Abin mannawa: a jiƙa ƙaro cikin ruwan ɗumi ya kwana, ko a dama garin rogo a dafa shi ya yi kauri kamar koko. Na rogo ya kan yi tsami bayan kwana biyu, don haka a dama na ranar kaɗai.

A kiyaye abu uku. Kada a kawo reza ko wuƙa aji. A bar yara su yaga da hannu, malami shi kaɗai ya riƙe almakashi. Kada a yaga takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Malami ya duba ko wace takarda tukuna. Kada kuma a kawo hotunan bindiga ko na gawa daga jarida. Game da surar abu mai rai, wadda waɗansu iyaye ba su so, darussan nan huɗu an shirya su yadda ba a bukatarta sam. Gida ne da katanga da itace da launi.

5. DARUSSA HUƊU

Ko wane darasi minti 40 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya, gama sanin abin da zai zo gobe shi kansa yana kwantar da hankalin yaro. Kada yara su wuce 20 a zama ɗaya. In ajin babba ne a raba shi. A yi da dukan 'yan aji, kada a ware waɗanda abin ya shafa a nuna su da yatsa. 'Yan mata manya, malama ta zauna da su. A buɗe da addu'a, a rufe da addu'a da share wuri tare.

Darasi na ɗaya: Launin yau. Malami ya baza kaya a tabarma, ya ce ko wane yaro ya zaɓi ƙyalle uku: ɗaya mai kama da yadda ya ke ji da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare. Su liƙa su a jere, su ƙawata yadda su ke so. Nufin wannan darasi shi ne yaro ya saba da kayan, ya kuma lura cewa zuciya tana sāke launi kamar sararin sama, baƙin ciki ya kan zo ya kuma wuce.

Darasi na biyu: Ganuwata. Malami ya ba da labarin ganuwar birni da ƙofofinta, sa'an nan ya ce, "Ko wane mutum yana da abin da ya ke yi in ransa ya ɓaci ko ya ji tsoro. Wani shiru, wani faɗa, wani dariya, wani ya ɓuya. Ku gina mini taku ganuwar." Yaro ya zaɓi abin gini da kansa. Wani zai jera kara sama da sama, wani ya sa ƙaya, wani ya sa auduga. In sun gama, malami ya zaga ya tsuguna kusa da ko wanne, ya yi tambaya a hankali. Ga misalin yadda zancen zai iya kasancewa:

"Samari, wannan katanga taka ta yi tsawo. Da me ka gina ta?"

"Da kara, Allah gafarta Malam."

"Madalla. Tana da ƙofa?"

"Babu."

"To, ba laifi. In da za a yi mata, wane gefe za ka so?"

In yaro ya nuna, shi ke nan. In ya yi shiru, malami ya sa masa albarka ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na uku: Zaure da ɗaki. Wannan shi ne zuciyar aikin. Ko wane yaro ya san tsarin gidan Bahaushe: baƙo ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, abokin maigida ya shiga zaure, ɗan'uwa ya wuce tsakar gida, ɗaki kuwa sai na jiki. Yaro ya liƙa gida mai waɗannan sassa huɗu. A ƙofar gida ya sa abin da kowa ya sani game da shi, a zaure abin da abokai su ka sani, a tsakar gida abin da 'yan gida su ka sani. A kan ɗaki ya liƙa ƙyalle ta gefe ɗaya kamar labule, ya sa abin da ya ga dama a ƙarƙashi. Doka ita ce ba mai ɗaga labulen wani, ko malami, sai mai ɗaki ya ce a ɗaga. Daga nan malami ya ce ko wanne ya zaɓi ƙwayar wake ko tsakuwa a madadin mutum ɗaya ko biyu da ya amince su shiga har ɗaki, ko uwa, ko kaka, ko kawu, ko malamin allo, ya liƙa a bakin labule. Da wannan yaro zai koyi cewa yana da haƙƙin ya ƙi ba kowa labarinsa, zai kuma koyi cewa bai kamata ɗakin ya rasa mai shiga ko ɗaya ba. Yaron da ya kasa samun ko ƙwaya ɗaya da zai liƙa, malami ya sa masa ido ƙwarai.

Darasi na huɗu: Rumbun aji. A haɗa kwalaye a yi babban allo, a zana rumbu. Ko wane yaro ya kawo guntu ɗaya a madadin abin da ke sanyaya masa rai in tsoro ya zo: addu'ar da kakarsa ta koya masa, ko zama kusa da uwa, ko ƙwallo, ko kiwon akuyarsa, ko jan numfashi a hankali sau biyar. A liƙa duka cikin rumbun, a rataye a bangon aji. Wannan kaɗai a ke ratayewa. Sauran ukun na yaro ne, ya tafi da su gida, ko ya ba malami ajiya, ko ya yaga in ya so.

6. ABIN DA MALAMI ZAI KIYAYE

Kada ya ba da maki, kada ya ce na wane ya fi kyau. Kada ya yi wa aikin yaro fassara, ya ce ja jini ne, baƙi mutuwa ce. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, watakila jan nan zanen uwarsa ne. Kada ya ce wa yaro ya ba da labarin ranar da abin ya faru, gama tilasta wa yaro maimaita abin tsoro ya kan tayar da ciwon da ya fara kwanciya. In yaro ya fara faɗa da kansa, a saurara, kada a katse shi, kada kuma a yi ta tono. In ya fashe da kuka, a bar shi ya yi, a ba shi ruwa, a zauna kusa da shi, a hana sauran dariya.

Kada malami ya yi alkawarin da ba shi da iko a kai, kamar ya ce ba za su sake zuwa ba. Ya faɗi gaskiya: "Yanzu kana nan tare da mu, ga kuma abin da manya ke yi don tsaronku." In kuwa yaro ya bayyana cewa wani yana cutarsa a yanzu, ko yana tunanin hallaka kansa, wannan ba asirin da za a riƙe ba ne. Malami ya gaya wa yaron a hankali cewa tilas ya nemo masa taimako, sa'an nan ya sanar da shugaban makaranta a ranar.

Malamai da yawa su ma sun ga abin da yaran su ka gani. Yana da kyau su fara yin darussan nan tsakaninsu kafin su kai aji.

7. IYAKAR WANNAN AIKI

Liƙe-liƙe taimako ne, bai zama madadin likita ba, malamin aji kuma bai zama likita ba don ya karanta wannan littafi. In an wuce wata guda yaro bai daina firgita ba, ko ya daina ci, ko ya daina magana, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, a kai shi babban asibiti mafi kusa, su kuwa za su san ko za a tura shi Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Jihar Sakkwato. Addu'a da magani ba su hana juna. Kada a ɗaure yaro, kada a doke shi da sunan fitar da iska. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar da mutuncin mai irin wannan lalura.

Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya fi saurin samun sauƙi in yana zaune cikin jama'a tare da danginsa, da sa hannun shugabannin gari. Wannan darasi yana nan har yau, shi ne kuma ya kawo mu ga aikinku.

8. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Na ɗaya, Hakimi ya kira Dagatai da limamai da shugabannin makarantu da na iyayen yara, ya bayyana musu nufin abin tun ba a fara ba, don kada jita-jita ta riga gaskiya isa gidaje. A nuna wa Liman kayan aikin da idonsa. Uban da bai yarda ba, kada a tilasta masa.

Na biyu, ya yi magana da Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma, a sa darussan cikin lokacin aikin hannu da ke cikin jadawali, a kuma nemi malamin zane ko ma'aikacin lafiya ya zauna da malamai kwana ɗaya.

Na uku, ya umarci shugabannin teloli da dukawa da masu kantuna su riƙa tara ragowar ƙyalle da fata da kwali, a kai makaranta ko wane wata.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi: kada a mai da wannan aiki hanyar bincike. Kada wani ya tambayi yaro wa ya gani a daji, ko wa ke kai wa ɓarayi labari. Kada a ɗauki hoton yaro ko na aikinsa a sa a Facebook ko WhatsApp. A ƙasar da kunnuwa su ka yi yawa, kalma ɗaya daga bakin yaro tana iya jawo wa gidansu bala'i, kuma ranar da yara su ka gane ana ɗaga musu labule, ba za su sake liƙa gaskiya ba.

Malamin Hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa ya riƙa rubuta sunan makaranta, da ranar darasi, da yawan yara maza da mata, da kayan da su ka ƙare, da yawan waɗanda aka tura asibiti. Ya rubuta ko yaran da su ka daina zuwa makaranta sun fara komowa. Kada ya rubuta sunan yaro ko ɗaya, ko abin da yaro ya faɗa. A ƙarshen zangon karatu ya karanta wa Hakimi, a aika da kwafi ofishin ilmi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne hanyoyi huɗu yaro ke bi ya kāre zuciyarsa, kuma wane suna mu ka saba ba ko wace?

2. Don me aka hana malami ɗaga labulen ɗaki, kuma a wane hali ne tilas ya kai magana gaba?

3. Waɗanne alamu ne ke nuna lokacin zuwa asibiti ya yi?

4. A gundumarku, wace makaranta ce ta fi cancanta a fara da ita, kuma wa zai tara kayan?

Yaran da ke zaune a azuzuwan Ƙetare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yau, su ne Dagatai da limamai da iyayen gobe, kuma da zuciyar da su ka tashi da ita za su riƙe ƙasa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Muna roƙon ko wane Hakimi ya zaɓi makaranta ɗaya ya fara kafin zangon nan ya ƙare, ya kuma sanar da Ofishin Watsa Labarai abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, domin a gyara darasin.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya tsare 'ya'yanmu, ya ja zamanin Sarki. Amin.